Kafin Tuwo Ya Sulala

'Ya'yana, kun sha nasiha a kan jarrabawa da neman aiki da zaman aure har ta ginshe ku, saboda haka yau zan bar waɗannan su huta. Ƙananan abubuwa biyu nake so mu taɓa, waɗanda manya ba su cika ɗaukarsu da daraja ba: karanta littafin labari don daɗinsa kawai, da shiga madafi a gwada girkin da ba a taɓa yi a gidan ba. Da gangan na haɗa su, don an daɗe ana haɗa su faɗa. A shekarun 1990, lokacin da littattafan haya suka cika unguwanni, in miya ta kama a ce littafi ne, in tuwo ya yi gudaji a ce littafi ne. Wani lokacin ma gaskiya ne. Amma ni da na koyar da 'yan mata shekara da shekaru, na ga waɗanda suka riƙe duka biyun, kuma har yau in ka je gidajensu ba ka ƙosawa da hira, ba ka kuma tashi da yunwa.

Yawan zaman jiran da ya same ku ne ya sa nake wannan magana. An gama sakandare ana jiran sakamako, sakamako ya fito ana jiran gurbin karatu, an samu gurbi malamai sun tafi yajin aiki. Na 2022 kaɗai wata 8 ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A gama bautar ƙasa kuma a dawo gida a ɗora daga inda aka tsaya. Ina ganin inda wannan lokaci yake tafiya. Yaro ya kwanta da waya tun hantsi, la'asar ta yi ka tambaye shi me ya gani yau, ya rasa ko abu ɗaya da zai ba ka labarinsa. Ba zagin waya nake ba, ni ma da ita nake gaisawa da jikokina. Amma a ce rana ta fito ta faɗi ba ka da abin da za ka nuna ka ce na gama wannan, abin yana cin rai a hankali ko mutum bai lura ba. Littafi yana da bangon farko da na ƙarshe. Girki ana ɗorawa ana saukewa. Kowannensu in kun fara za ku iya kai shi ƙarshe da kanku, ba sai wani ofis ya sa hannu ba.

Na san abin da wasu iyaye suke cewa, har da wasu daga cikinku: ai labarin ƙarya ne, me za a ƙaru da shi? Maganar tsohuwa ce. A 1933, da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai don gasa, abin da ya fara cin karo da shi ke nan. Malaman lokacin sun saba da waƙar wa'azi da tarihi da fiƙihu, tatsuniya kuwa a wurinsu ta mata da yara ce, da dare. Amma ku dubi waɗanda suka amsa kiran. Abubakar Imam, yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Wansa Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. Wani malamin makaranta daga Bauchi ya kawo Shaihu Umar, shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya zama Firayim Ministan Najeriya. In ƙaga labari zubar da girma ne, to, girman waɗannan bai zube ba.

Ku ɗauki Shaihu Umar ɗin. A aji an gaya muku an yi cinikin bayi ta hamadar Sahara, kun haddace, kun rubuta a jarrabawa, kun manta. To, ku zauna da wannan ɗan siririn littafi, ku ga an sace yaro ya bi hannu-hannu har ƙasar Masar, ku ga uwarsa ta bar gida ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane. Ba zan gaya muku yadda suka ƙare ba. Na dai tabbata daga ranar, duk sanda aka ambaci bauta, matar nan za ta faɗo muku a rai.

Kada fa ku ɗauka cewa nake ku karanta don ku ƙaru. In na ce haka na mayar muku da shi aikin gida, kuma gudu za ku yi. Makaranta ta riga ta yi wa wasunku wannan ɓarna: da an buɗe littafi sai neman jigo da salo da zubi da tsari, kamar wanda aka ba malmalar tuwo da miyar taushe ya zauna yana tsince kabewa gefe, alayyahu gefe, har ta huce bai kai loma ba. Ku ci abinku da zafinsa. In Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman sun shirya wa juna tsiya a Ruwan Bagaja, ku yi dariya har da hawaye, ba wanda yake bin ku bashin komai bayan dariyar. In akun Magana Jari Ce ya riƙe ɗan sarki da labari har gari ya waye, ku ma ku bari ya riƙe ku. Ƙaruwar za ta shigo da kanta ba sallama. Wata rana za ku ji bakinku ya faɗi kalmar da ba ku san kun sani ba, ko ku ga kun yi awa guda a kan abu ɗaya hankalinku bai watse ba, abin da ya fara tsada a zamanin nan. Littafin nishaɗi kuma ba farilla ba ne. In kun ci shafi 30 bai kama ku ba, ku ajiye ku ɗauki wani, ko da duniya duka tana yabonsa. Akwai littafin da ba ya buɗuwa sai mutum ya yi aure, ko ya yi rashi, ko ya ɗanɗana babu.

Daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arziki ya tsuke, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Kano ce cibiya. Wasu masana suka laƙaba wa abin Adabin Kasuwar Kano, ba kuwa don yabo ba. Aka yi ta musu a jaridu, aka yi wa'azi a kai, a 2007 har ƙona wasu littattafan aka yi a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Shirme kam an buga shi da yawa a lokacin. Amma a cikin wannan kasuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da littattafan Balaraba Ramat Yakubu. Na san matan aure da suka shiga ajin yaƙi da jahilci don kawai sun gaji da jiran 'yar maƙwabta ta zo ta karanta musu kashi na biyu. Abin da hukuma ta yi shekaru tana lallashi a kai, son jin ƙarshen labari ya yi shi a ɓagas.

Ku maza, ku nake so ku nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdu, mai kuɗin kashe wa mace a waje amma babu na cefanen gidansa. Ya yi amarya, ya kori uwargida da 'ya'yanta. Kun sha jin irin wannan a majalisa, a bakin maza, inda kullum matar ce ba ta da haƙuri. Littafin zai zaunar da ku a ɗakin matar, ku ji yadda ake kwana ana lissafin abin da za a ba yara da safe, ɗakin da namiji ba ya samun shiga ta wata ƙofa. Ku kuma lura da abin da ya tsayar da Rabi da ƙafafunta bayan an kore ta: abincin sayarwa ta kama. An fassara littafin zuwa Turanci a 2012, wani kamfani a Indiya ya buga shi. Mutanen da ba su taɓa ganin Kano ba suna karantawa, ku da aka rubuta da harshenku kuna cewa littafin mata ne.

Yau kasuwar ta koma cikin waya. Marubuta, yawancinsu mata, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, wasu kuma a karanta su a YouTube ko a gidajen rediyo. Akwai masu hannu ƙwarai a cikinsu, gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da wasu fili, tun daga Aisha Muhammad Sabitu da labarinta Sansani. Sai dai, 'yata, a da kafin littafi ya iso hannunki ya bi ta wurin mai bugawa da mai shago da mai haya, ko ba komai wani ya leƙa. Yanzu daga ɗakin marubuci sai ƙarƙashin bargonki, saboda haka tacewar ta dawo hannunki. Littafin da ba za ki yarda ƙanwarki ta leƙo ta kafaɗarki kina karantawa ba, kin riga kin san matsayinsa, ba sai na faɗa ba. Na batsa a fili yake. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai ladabi a fuska, wanda kowane saurayi a cikinsa ɗan hamshaƙi ne, kyakkyawa, da gida a Abuja da wani a Dubai, miskili ga kowa amma a gaban budurwarsa har kuka yake. Ɗaya ko biyu ba laifi, mafarki ma hutu ne. In ba kya karanta komai sai shi, ranar da malamin firamare mai mutunci ya yi sallama a ƙofar gidanku a kan babur, za ki ga kamar an cuce ki.

Ku riƙa sirkawa da tsofaffin littattafai ko don kunnenku. Da yawan abin da ake rubutawa a waya rabi Hausa ne rabi Turanci, ba ƙugiya a haruffa, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Wanda ya saba da Hausar Abubakar Imam, ko ta Sulaiman Ibrahim Katsina a Turmin Danya, da ya ji jimla ta karkace zai gane ko bai san sunan ƙa'idar ba. Wanda Allah ya ba wani harshe kuma ya leƙa waje. 'Ya'yanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi lakwal, masu Faransanci, suna da Sarraounia na Abdoulaye Mamani, a kan sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899. Masu Turanci ga Zaynab Alkali, masu Larabci ga Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, zai zaga da ku lungunan Alƙahira ba kuɗin jirgi. Sannan in marubuciya ta ce littafinta na kuɗi ne, ku biya. Ta hana idonta barci ta rubuta, ki saya ke ɗaya ki watsa wa jama'a kyauta, wannan hakki ne, kuma ƙanƙantarsa ba za ta hana a tambaye ki shi ba.

Mu shiga madafi. Mai hankali ta san inda littafi yake da wuri a girki. Ba a karatu ana talge, ba a karatu mai yana kan wuta. Amma in an tuƙa tuwo an rufe shi ya sulala, ko an bar ganda tana dahuwa, akwai shafi uku ko huɗu a nan, halal ɗinki ne.

Akwai gidajen da in ka san ranar mako ka san abin da ke cikin tukunya, shekara da shekaru ba canji. In yarinya ta ce a gwada wani abu, a ce mu ba mu gaji wannan ba. To, me muka gada? Gero da dawa da wake da kuka da kuɓewa da daddawa namu ne tun kaka da kakanni. Amma tumatir da tattasai da attaruhu da masara da rogo da gyaɗa duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma ba su ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, da duk girman fadarsa bai taɓa cin tuwon masara ba, bai san ƙuli-ƙulin gyaɗa ba, ba a taɓa kai masa miyar dage-dage ba. Wata mata ce da ba wanda ya riƙe sunanta ta fara jefa jan abin nan a miya, wataƙila kishiyarta na gefe tana taɓe baki. Awara kuwa na girme ta a garinmu. Muna yara ba mu san ta ba, 'yar'uwar abincin da mutanen Sin da Japan suka daɗe suna yi da waken suya ce, yau ga shi ba lungun da ba a soya ta da yamma. Mu ma mun ba wasu: kokon da ake sha da ƙosai da safe a biranen Ghana da sunan Hausawa ake kiransa, agashen Sudan ma hannun Hausawa ne.

Tun da na ambaci awara, bari in tsaya a kanta, don girki ne mai koya wa mutum lura. Ki jiƙa waken suya gwangwani biyu ya yi laushi, ki wanke ki kai niƙa, a ɗiga ɗan manja a ciki don ya rage kumfa. Ki ƙara ruwa ki tace da ƙyalle mai laushi, ki matse dusar sosai. Madarar nan ki ɗora ta a babbar tukunya, kada ki matsa ko nan da ƙofa, don tana tafasa take hayowa ta zube. Da ta tafaso sai ki rage wuta ki ɗauko ruwan tsami, wanda aka tsiyaye daga kan gasara ya kwana biyu, ko kuma ruwan tsamiya, ki riƙa zubawa da ludayi kaɗan-kaɗan kina zagaya tukunyar. A nan duk aikin yake. Za ki ga farin ya fara tsinkewa, yana dunƙulewa yana tasowa sama, ruwan ƙasa yana washewa. In ruwan yana nan fari, da saura, ki ƙara. Da ya koma garau, ɗorawa-ɗorawa, ki tsaya. In kika zarce, awarar za ta yi tauri da tsami, tana marmashewa a mai. Ba wanda zai iya rubuta miki adadin ludayin, domin tsamin ruwan gidanku daban da na gidanmu, ido ne zai gaya miki. Sai ki kwashe cikin ƙyalle, ki zuba jajjagen attaruhu da albasa da gishiri, ki ɗaure ki ɗora turmi a kai ruwan ya tsane, ki yanka ki soya. Ta farko mai yiwuwa ta wargaje. Ki murmushe ta ki soya da ƙwai da albasa a ci da burodi, ba wanda zai san ba haka kika nufa ba.

Gwaji yana da ladubbansa. Kaɗan ake farawa da shi, musamman yanzu da kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Bai dace mahaifinku ya yi gumi ya auno, ku zubar a kwata da sunan koyo ba. Ba a kuma gwaji ranar Sallah ko ranar da surukai za su zo, ba a fafe gora ranar tafiya. In abu bai yi ba, a karo na gaba abu ɗaya za ku taɓa, ko yawan ruwa ko ƙarfin wuta, don ku gane mai laifin. Ku ajiye ɗan littafin rubutu a kicin, ku riƙa rubutawa da ma'aunin gidanku, gwangwanin madara da ludayin miya da cokalin shayi. Mai girkin da kuke kallo a waya, ko a shirin Akushi Da Rufi na Arewa24, wataƙila tana da obin mai lamba da sikeli, ku kuwa gawayi ne da tukunya. Wannan bai hana komai ba. Mun gasa kek a tukunya tun kafin mu ga obin: a zuba yashi mai tsabta a ƙasa ya yi zafi, a jera gwangwanayen da aka shafa wa mai, a rufe, a ɗora garwashi kaɗan a kan murfi, a soka tsinke, in ya fito a bushe ya yi. Haka ƙullun waina, wanda yake tashi cikin 'yan awoyi a bazara, a hunturu sai ya kwana ko a kai shi rana. Bidiyo bai san yanayin garinku ba.

Kada kuma ku ɗauka sabon girki sai shawarma da fiza da samosa. Ku yi su, ni ma ina ci in haƙorina ya yarda. Amma ga mafi yawanku dashishi sabon abu ne, haka burabisko da tubani da alkubus da faten acca da miyar karkashi, balle nakiya da alkaki da ake sayowa a kai gara ba wadda ta san yadda aka yi su a gidan. Waɗannan a hannun tsofaffi suke, tsohuwa kuwa ba ta iya faɗa, nunawa take. In kin tambaye ta kanwa nawa ake sa wa ɗanwake, za ta ce kaɗan. Sai ki tsaya kusa da ita ki ga kaɗan ɗin nata, ki auna da cokali ki rubuta. Za ki sha faɗa, za a ce ba ki da hannu, ki daure. A wajen tsinke zogale da ɓarar gyaɗa ne za ki ji yadda suka yi da farin 1973, da yadda aka kai ta gidan miji, abubuwan da ba za ta taɓa zaunar da ke ta gaya miki haka kawai ba.

Samari, na ga kuna murmushi kamar ba da ku ake ba. Da ku ake. Wa yake yin tsire da balangu da kilishi? Wa yake soya ƙwai a teburin mai shayi? Maza ne, ba wanda ya ce sun zubar da girma. Amma a ce saurayi ya tuƙa wa mahaifiyarsa tuwo ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, sai ya ji tsoron sunan da abokai za su kira shi. An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta ce yana taya iyalinsa aiki, in lokacin salla ya yi ya fita. Wane aboki ne zai zo muku da abin da ya fi wannan? Za ku tafi makaranta, za a tura ku bautar ƙasa garin da ba ku san kowa ba. Na ga yara sun dawo a rame domin ba abin da suka iya sai Indomie da jiƙa garin kwaki. Kafin ku bar gida ku iya dafa-duka, da shinkafa da wake, da miya ko guda ɗaya, da dama kunu. Wata rana matarka za ta haihu, kuma ba kullum ake samun mai zuwa ta zauna da ita ba.

Ku kuma masu ci, iyaye da yayye da mazaje, kuna da naku kason. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Yarinya ta wuni a kan abu, ta kawo tana kallon fuskarka, ka ɗanɗana ka ture kwano ka ce wannan wace irin kwamacala ce, ka kashe mata hannu wataƙila har abada. Bayan shekaru kuma ka dawo kana ƙorafin kullum abu ɗaya ake dafawa. In gishiri ya yi yawa a faɗa, amma bayan an ce sannu da aiki. Haka uwar da ta ga 'yarta da littafi, maimakon fizgewa ta ce ta ba ta labarin. A yadda za ta ba ki za ki gane irin abin da take karantawa, gobe kuma ita za ta kawo miki da kanta.

'Yan mata, na lura kafin a ɗanɗana an ɗauki hoto. Ba na hana ku, amma in hoton ya zama shi ne dalilin girkin, za ku koma zaɓen abin da ya yi kyau a ido, miyar kuka kuwa ba ta taɓa yin kyau a hoto ba. Ku bar wa kanku wani abu da ba don idon mutane kuke yi ba. In daga baya ya zama sana'a, ana zuwa sayen cincin da kek a hannunki, ko ke ma kin kama alƙalami, madalla, Allah ya sa albarka. In bai zama ba, ba ki yi asara ba.

Saura 'yan kiyaye-kiyaye. In kun shiga kicin kun ji warin gas, kada ku ƙyasta ashana, kada ku taɓa makunnin lantarki, ku buɗe taga da ƙofa ku rufe kan tukunyar gas ɗin. In mai ya kama da wuta a kasko, murfi ake kifa masa a kashe wutar ƙasa, ruwa ƙara haukata shi yake. Mayafi mai ja a naɗe shi kafin a tsaya gaban wuta. Karatun dare kada ya cinye muku Asuba. Littafin da kuka ara kuma ku mayar wa mai shi da bangonsa, ba tabon manja, don gobe in kun koma a ba ku wani. Allah ya yi muku albarka.